DAGA RIJIYAR MADYANA ZUWA ƘOFAR WALIYYI: HUKUNCIN SOYAYYAR DA TA FARO A JAMI'A

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci mutum daga namiji da mace, ya kuma sanya aure ya zama sutura da natsuwa a gare su. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a zamanin iyayenmu saurayin Damargu yakan ga matar da zai aura a bakin rijiya, ko a kasuwa, ko a cikin dangi, kuma kafin ya buɗe baki iyayensa sun riga sun san gidan su yarinyar tun daga kakanni. Yau lamarin ya sāke. An aza harsashin jami'ar Yamai a 1971, aka buɗe jami'ar Musulunci ta Sayi a 1986, sa'an nan a 2010 aka kafa jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa. Daga Tanut zuwa Damagaram kimanin kilomita 150 ne kurum. Saboda haka yaro ko yarinya daga Tenhiya, ko Tarka, ko Gangara, ko Olelewa, idan Allah ya ba su sa'ar jarrabawar bak, sai su tafi birni su zauna aƙalla shekara uku, a daidai lokacin da zuciya take neman abokin zama. A can za su haɗu da waɗanda iyayensu ba su taɓa gani ba, kuma wasu daga cikinsu za su komo gida da maganar aure.

Mutanenmu sun rabu biyu a kan wannan al'amari. Wasu sun ce duk soyayyar da ta faro a makaranta fasadi ce, maganinta kuwa a cire yarinya daga karatu tun wuri. Wasu kuma, galibi daga cikin matasa, sun ce wanda ya kai jami'a ya mallaki hankalinsa, ba ya bukatar izinin kowa. Dukkan ɓangarorin biyu sun kauce wa abin da shari'a ta zo da shi.

WANI MISALI

An taɓa kawo mini irin wannan magana, ba zan ambaci suna ko gari ba domin suturta mutane. Yarinyar ɗiyar manomi ce daga wani ƙauye na yankin Tenhiya, yaron kuwa ɗan makiyaya ne daga wajen Balbeji. Dukkansu suna karatu a Damagaram. Farkon haɗuwarsu a tasha ne, ranar da ɗalibai suke komawa gida hutu. Motar Tanut ta cika, ya ga tana fama da kaya, ya ɗora mata su, ya kuma bar mata wurin zamansa ya koma baya. Daga nan suka riƙa gaisawa a makaranta, yana ba ta aron littattafai, tana tambayarsa abin da ya shige mata duhu, har shekara ta zagayo kowannensu ya gane abin da ke cikin zuciyar ɗan'uwansa. Da ya furta mata, sai ta ce masa ita tana da uba, kuma ya san hanyar garinsu.

Ya turo baffansa da goro. To amma mahaifinta ya riga ya yi wa ɗan ƙanensa alkawarinta tun tana ƙarama. Shi ne ya zo mini ransa a ɓace, ya ce: "Malam, na aika ta neman ilmi, ta komo mini da baƙo. Ba mu san asalinsa ba, ba harshenmu ɗaya ba. Ashe ba ni da ikon aurar da ɗiyata ga wanda na ga dama?" Tambayar wannan dattijo ita ce tambayar iyaye da yawa, kuma ta cancanci amsa mai hujja.

ABIN DA YA FARU A BAKIN RIJIYA

Mu mutanen Damargu mun fi kowa sanin rijiya, mun san turereniyar makiyaya a kanta da rani, da yadda mai ƙarfi yake riga mai rauni. Allah (T.) ya ba mu labarin wata rijiya a cikin Suratul Ƙasas, daga aya ta 23 zuwa ta 28. Annabi Musa (A.S.) ya isa Madyana yana baƙo, ba dangi, ba guzuri. Ya tarar da jama'a suna shayar da dabbobi, can gefe kuma ga 'yan mata biyu suna tsare da tumakinsu. Ya tambaye su dalili, suka gaya masa suna jiran makiyaya su gama ne, domin mahaifinsu ya tsufa. Ya shayar musu, sa'an nan ya koma inuwa yana roƙon Ubangijinsa. Ba a jima ba ɗayarsu ta komo cikin kunya da saƙon mahaifinta. Da Musa ya je, ɗaya daga cikin 'yan matan ta ba uban shawara ya ɗauke shi aiki saboda ƙarfinsa da amanarsa. Dattijon ya fahimci abin da ba ta faɗa ba, ya yi wa Musa tayin auren ɗaya daga cikinsu a kan kiwon shekara takwas, ko goma idan ya so, ya kuma tabbatar masa ba ya nufin ya tsananta masa.

A lura da abubuwa huɗu a cikin wannan ƙissa. Na farko, bukata ce ta fitar da 'yan matan, kuma Alƙur'ani bai zarge su a kan fitar ba. Na biyu, Musa ya yi musu magana gwargwadon bukata, ya taimaka, ya juya, bai tsaya neman ladan taimakonsa da hira ba. Na uku, yarinyar ba ta ɓoye komai ba, a ranar ta kai labarinsa gaban mahaifinta. Na huɗu, uban bai ce wannan baƙo ne, matalauci, wanda ba a san danginsa ba. Ya saurari shaidar ɗiyarsa, ya auna mutumin da halinsa, ya sauƙaƙa masa.

Jami'a a yau wata rijiya ce da 'ya'yanmu suke zuwa ɗibar abin da babu shi a gida. Haɗuwa a bakinta ba laifi ba ce. Abin da za a tambaya shi ne hanyar da aka bi daga bakin rijiyar zuwa ƙofar waliyyi: a bayyane aka bi ta ko a ɓoye, kuma an gaggauta ko an yi ta jan ƙafa.

SHIN SO KANSA ZUNUBI NE?

Malamai sun bambanta abin da yake faɗa wa zuciya ba da zaɓin mutum ba, da abin da gaɓoɓi suke aikatawa da gangan. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya wallafa littafin Ɗauƙul Hamama a kan soyayya shekaru kusan dubu da suka wuce, ya tafi a kan cewa shari'a ba ta hana so ba, tunda zukata a hannun Allah suke. Ibnul Ƙayyim ma ya keɓe wa wannan batu littafi guda, Raudatul Muhibbin. Nana Khadija (R.A.) ta san Manzon Allah (S.A.W.) ta hanyar fatauci, ta ji labarin gaskiyarsa daga bakin yaronta Maisara, sa'an nan ta aika ƙawarta Nafisa ta bincika mata ra'ayinsa, aka kuma ɗaura auren a gaban manyansu. Ibn Majah ya ruwaito hadisin da yake nuna cewa masu son juna ba su da magani irin aure. Haka nan Tirmizi ya ruwaito cewa da Mugira ɗan Shu'uba ya nemi wata mace, Annabi (S.A.W.) ya umurce shi ya je ya dube ta, domin hakan ya fi sa zama ya ɗore.

To amma so kamar wutar daji yake a cikin kaka: idan an yi mata iyaka sai ta yi amfani, idan an sake ta sai ta cinye makiyaya da rumbuna. Aya ta 32 ta Suratul Isra'i ba ta tsaya ga hana zina ba, ta hana kusantarta ma. Ayoyi na 30 da 31 na Suratun Nur sun umurci maza da mata da runtse ido. Annabi (S.A.W.) ya hana namiji ya keɓanta da macen da ba muharramarsa ba. A wannan zamani kuwa keɓewa ba ta bukatar ɗaki, domin wayar salula ta isa. Saurayi yana ɗakin kwanan ɗalibai, budurwa tana nata, amma su raba dare a WhatsApp suna musayar kalamai da hotunan da ba za su iya nuna wa iyayensu ba. Ga ma'auni mai sauƙi, ya kai ɗana, ya ke ɗiyata: duk maganar da za ka ji kunya mahaifinta ya karanta, to ba lokacinta ba ne tukuna.

Wajibin saurayi, idan ya tabbatar da niyyarsa, shi ne ya yi istihara, ya sanar da manyansa, su tafi su nema masa. Wanda ya shekara biyu yana cewa "ina sonki" amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙofar gidanku ba, ya ke ɗiyata, wannan ba mai neman aure ba ne, kuma shi kansa ya san haka. Wajibin budurwa kuwa shi ne ta yi koyi da ɗiyar dattijon Madyana. Idan kunya ta hana ta fuskantar uba, akwai uwa, akwai goggo, akwai yayye.

IKON UBA DA IYAKARSA

Mu komo ga tambayar dattijon nan. Gaskiya ne, a mazhabar Imamu Malik da muke bi, aure ba ya ɗauruwa sai da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adalai, kamar yadda kowane almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya sani. Gaskiya ne kuma littafin ya ba uba ikon aurar da ɗiyarsa budurwa ko da ta balaga. Saboda haka matashin da yake ganin takardar lisans ta ɗauke masa bukatar waliyyi ya yi kuskure babba.

Sai dai a tambayi dalilin da ya sa aka ba uba wannan iko. Malamai sun ce saboda cikar tausayinsa ne, da kuma rashin sanin maza da budurwa take da shi. Ikon amana ne da aka danƙa masa domin maslahar ɗiya, ba a ba shi don ya biya bashin zumunci ko ya cika alkawarin da ya ɗauka tana goye ba. Shi ya sa malaman mazhabar suka ce ba shi da ikon tilasta mata mijin da zai cutar da ita, kuma budurwar da ubanta ya shaida ta kai hankalin riƙe al'amuranta, ba a aurar da ita sai ta furta yardarta. Imamu Abu Hanifa kuwa bai yarda a tilasta wa baliga ba ko kaɗan. A cikin Muwaɗɗa Malik kansa akwai hadisin neman izinin budurwa, da labarin Khansa'u ɗiyar Khizam, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, Annabi (S.A.W.) ya warware auren.

A dubi kuma labarin Barira da Mugis a cikin Bukhari. Bayan an 'yanta Barira ta zaɓi rabuwa da mijinta, shi kuwa ya riƙa binta a titunan Madina hawaye na zuba a gemunsa. Annabi (S.A.W.) ya tausaya masa ya sa baki, ta tambaya ko umurni ne, ya ce ceto ne kawai yake yi, ta ce ba ta da bukatarsa, aka kuma bar ta a kan zaɓinta. Idan shugaban halitta bai tilasta wa zuciyar mace ba, ni da kai fa? Haka nan aya ta 232 ta Suratul Baƙara ta sauka ne a kan Ma'aƙil ɗan Yasar, lokacin da ya hana ƙanwarsa komawa ga mijin da take so, aka hana waliyyai irin wannan tarewa.

Uban da ya yarda ɗiyarsa ta zauna shekaru a birni ita kaɗai, tana riƙe kuɗinta da mutuncinta, ya riga ya nuna ya amince da hankalinta, bai dace ba ranar zaɓen miji ya ce ba ta san komai ba. Duk da haka haƙƙinsa na bincike yana nan daram, domin so hana ganin laifi ne, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Ya aika garin su yaron, ya tambayi limaminsu da maƙwabtansu da abokan karatunsa: yana salla? Yana shaye-shaye? Yaya yake da mahaifiyarsa? Idan ya samu aibi na addini ko na hali, ya hana, kuma wajibi ne ɗiya ta saurara.

MAGANAR ASALI DA HARSHE

Ƙasar Damargu tun fil azal mahaɗa ce. Hausawa da Barebari da Abzinawa da Fulani da Larabawa sun daɗe suna musayar hatsi da dabbobi da gishiri a kasuwanninta, suna sahu ɗaya a masallatanta. Amma da an zo maganar aure sai a fara tonon asali, a ce wannan bawa ne, wancan maƙeri ne, wancan ba yarenmu ba ne. A mazhabar Malik abin da ake dubawa wajen dacewar miji shi ne addininsa da kuɓutarsa daga aibobin da suke ba mace zaɓin rabuwa, hujjar kuwa aya ta 13 ta Suratul Hujurat, wadda ta sanya taƙawa ta zama ma'aunin ɗaukaka. Annabi (S.A.W.) ya ba Faɗima ɗiyar Ƙais, Baƙuraishiya, shawarar ta auri Usama ɗan Zaid, wanda mahaifinsa 'yantacce ne. Abu Huzaifa kuma ya aurar da ɗiyar ɗan'uwansa ga Salim, 'yantaccen bawa. Waɗannan su ne magabatanmu.

Dattijon nan da na ambata, Allah ya saka masa da alheri, ya karɓi nasiha. Ya aika aka bincika masa, bai ji sai alheri ba. Abin da ya fi yi masa nauyi shi ne fuskantar ƙanensa, sai manyan dangi suka zauna, aka kira ɗan ƙanen aka tambaye shi ko yana son matar da zuciyarta take wani wuri, ya ce a'a. Bayan an gama girbi aka karɓi goron baƙon, aka yi baiko, zumunci kuma bai tsinke ba.

BAIKO BA AURE BA NE

A nan ne masu yawa suke zamewa. Baiko alkawari ne kurum. Amfaninsa shi ne ya hana wani ya shigo nema, domin Annabi (S.A.W.) ya hana Musulmi ya yi nema a kan neman ɗan'uwansa, Imamu Malik kuma ya bayyana cewa hanin yana farawa ne idan an karkata ga mai nema an daidaita da shi. Ban da wannan, baiko bai halatta komai ba, ko keɓewa, ko tafiya tare, ko riƙe hannu. Kowane ɓangare yana iya fasawa idan ya ga dalili. Game da kayan da aka kai kuwa, malaman mazhabarmu na baya sun ce idan namiji ne ya fasa ba ya karɓar komai, idan daga wajen mace ne a mayar masa, sai fa idan akwai sharaɗi ko al'adar da ta saɓa wa haka.

Hatsarin ɗalibai shi ne tsawon jira. A lissafa shekara uku na lisans, wani ya ƙara biyu na masta, sa'an nan biyu na bautar ƙasa, sa'an nan neman aiki, sa'an nan tara kuɗin akwati da na biki. Sai ka ga an yi baiko an bar matasa biyu masu son juna a gari ɗaya shekara biyar ko shida, ba aure, ba rabuwa. Wanda ya ajiye auduga kusa da garwashi kada ya zargi iska.

Shari'a kuwa ta sauƙaƙa. Mafi ƙarancin sadaki a wurinmu rubu'in dinari ne, duk abin da aka ɗora a kai na akwatuna da kayan ɗaki da ƙaryar biki mu muka ɗora wa kanmu. Aya ta 32 ta Suratun Nur ta umurce mu da aurar da gwagwarenmu, ta kuma yi alkawarin wadata ga matalautansu. Ana iya ɗaura aure a jinkirta tarewa har a gama shekarar karatu, domin a mazhabarmu ciyarwa ba ta hawa kan miji sai an tare ko an kira shi zuwa ga tarewa. Idan kuma iyayen biyu za su ci gaba da tallafa wa 'ya'yansu da hatsin da suka saba aika musu, ɗalibai biyu suna iya zama a ɗaki ɗaya na haya da halal. Idan ana tsoron miji ya hana ta ƙarasa karatu, a yi maganar a gaban shaidu tun kafin ɗaurin aure. Malamanmu sun ce cika irin wannan sharaɗi abin so ne, Hambaliyya kuwa sun wajabta shi, kuma Bukhari ya ruwaito cewa sharuɗɗan aure su suka fi cancantar a cika.

ABIN DA ZA MU RASA IDAN MUKA YI SAKACI

Wannan magana ta wuce mutum biyu. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma kowa ya san 'yan matan karkara da suke kaiwa jami'a ƙalilan ne. Alhali kuwa mu ne muke kuka idan matanmu suka je asibiti ba su tarar da mace ungozoma ko likita ba, mu ne muke neman malamai mata a madarasoshinmu. Duk yarinyar da ta komo daga birni da abin kunya ta rufe ƙofar makaranta ga ƙannenta da yawa a garinsu, domin iyaye za su riƙa misali da ita. Duk wadda ta komo da ilminta da mutuncinta da mijin da ya biyo ta ƙofa kuwa, ta buɗe musu hanya.

Wannan muhawara tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Lokacin da wani malami, Mustafa Goni, ya soki Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a kan halartar mata wurin wa'azinsa, ƙanensa Abdullahi ne ya mayar da amsa, kamar yadda ya kawo a littafinsa Tazyinul Waraƙat, ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni, kuma ana kawar da babbar ɓarna da ƙarama, tare da kiyaye iyakokin shari'a a wurin karatun. Daga wannan gida ne Nana Asma'u ta fito, wadda ta rasu a 1864 bayan ta kafa tsarin 'yan taru na karantar da matan karkara.

Saboda haka, ya ku iyaye, ku bar ƙofarku a buɗe yadda 'ya'yanku za su iya kawo muku magana ba tare da tsoro ba, domin uban da ba a iya gaya masa gaskiya shi ne na ƙarshe da yake jin labari. Ya ku ɗalibai, ku ji tsoron Allah a inda idon iyaye ba ya kaiwa, ku tuna hatsin da aka sayar da akuyar da aka kai kasuwa domin ku yi karatu. Ya ku 'yan'uwana limamai, mu riƙa faɗar waɗannan hukunce-hukunce a huɗuba da wuraren ɗaurin aure, tun kafin a kawo mana ƙara.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani da abokan zama nagari, ya tsare su daga fitinar zamani, ya sanya albarka a gidajen Musulmi baki ɗaya. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.